Mai Sunan Baba

Ranar da ruwan shuka ya sauka a ƙauyen su Malam Bello, can bayan Bungudu, kowa ya tashi da murna ban da shi. Ya leƙa turke da sassafe ya tarar da igiya biyu a ƙasa, bijiman huɗarsa kuwa, farin da jan, babu su babu dalilinsu. Bai yi ihu ba. Ya samu gindin garma ya zauna, hannunsa a kan gwiwa, har maƙwabta suka cika gidan.

Mutanen ƙauye ba sa rasa wanda za su zarga. Kafin rana ta yi zafi an riga an ambaci Fulanin rugar gabas, an ambaci wani baƙo mai sayar da maganin ƙwari, har da surukin liman da bai fi wata uku da tarewa ba. Suna zargi suna zagaye turken, suna tattake abin da ya kamata su bari. Shi ya sa da Mas'udu mai bin sawu ya iso, gaisuwarsa ta farko faɗa ce. Ya kore su waje kamar kaji, har da dattawan.

Mas'udu ya haura sittin, siriri ne, kullum kansa a sunkuye. Abokan wasansa sukan ce yana gane mutum ta diddige kafin ya gane shi ta fuska, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ɓarawon ya zo ne bayan ruwa ya ɗauke, saboda haka ƙasa ta riƙe komai. Mutum ɗaya ne, da takalmin roba irin na kowa. Abin da ya tsaya wa Mas'udu a rai shi ne tafiyar shanun. Babu inda suka turje, babu inda aka ja su, sun bi mutumin a natse har bakin kwalta, inda wata motar kaya, kanta mai suɗaɗɗiyar taya, ta kwashe su. Ya ajiye wannan a cikinsa, bai gaya wa kowa ba.

Daga kwalta sawu ya koma bakin mutane. Mai shayi ya ga motar, wani kamasho a tashar Gusau ya ga farin sa da ja a bayanta, ya ce hanyar Tsafe ta yi. Haka Mas'udu da Malam Bello suka yi ta bi, har suka dire a wata ƙaramar kara, kasuwar shanu da dillalai suka kafa a wani ƙauye gefen Tsafe. Ranar da aka yi satar, ranar cin kasuwarta ce.

Malam Bello ya ji sanyi a ransa da ya ga inda suka zo, domin ɗansa na fari, Mahadi, shi ne malamin karar, mai rubuta shige da fice. Mahadi ya taso da gudu ya tsuguna har ƙasa, bai ɗaga ido ya dubi uban ba. Uban ma, da yake ɗan fari ne, bai taɓa kama sunansa ba, Malamin Kara yake ce masa. Mahadi ya waiwaya wajen wani dogon dillali da ke tsaye.

"Mai sunan Baba, taimaka muna da benci, baƙi gare mu."

Karar tana da doka tun da satar shanu ta yi yawa: duk dabbar da za ta shiga sai an ɗauke ta hoto tare da mai ita, fuska a buɗe. Mai ɗaukar hoton Markus ne, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya shekara goma sha wani abu a garin da matarsa Saratu. Mas'udu ya ce to aiki ya zo da sauƙi, a buɗe hotunan ranar kasuwa a ga wanda ya kawo fari da ja. Da wannan maganar tasa komai ya fara, kuma ya daɗe yana jin ɗacinta.

Aka shiga ofis, aka tayar da janareta. Shugaban dillalai, Alhaji Sabiru, ya ciro memorin kyamara daga aljihun tebur, Mahadi ya sa shi a kwamfuta. Hotunan makonnin baya duk suna nan. Na ranar kasuwar da ake nema kuwa ko ɗaya babu. Aka kira Markus, ya shigo, ya rantse ya wuni yana dannawa, wuta tana walƙawa kamar kullum. Gilashin bayan kyamarar ya mutu tun bara, ba ya ganin abin da ya ɗauka sai ya sa a kwamfuta da yamma. Ranar da ya sa ya ga wayam, tsoro ya hana shi gaya wa kowa, yana ta fatan zai gano matsalar shi kaɗai. Wataƙila memorin ne ya cika, in ji shi.

Mahadi ya juya kwamfutar ya nuna wa jama'a. Memorin ko rabi bai kai ba.

"Goge su ya yi," in ji Mahadi a hankali, kamar mai jin nauyin faɗa. "Wanga aikin infoma ne."

A wannan ƙasa, a wannan zamani, babu kalmar da ta fi wannan saurin kashe mutum. Kafin Mas'udu ya buɗe baki, 'yan sintiri sun fitar da Markus. Mutanen da ya ɗauki hoton sunan 'ya'yansu kyauta su ne a gaba wajen dukansa. Wani ya hau lasifikar masallacin kara ya sanar da cewa an kama Markus mai hoto yana yi wa ɓarayi aiki, ya maimaita sunan don kada wani ya ce bai ji ba. Suka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanu, suka jiƙa ta da ruwa don ta ƙara kamawa in ta bushe, suka jingina shi da turken awo. Ba wanda ya yi zancen kai shi gaban hukuma. Shugaban 'yan sintirin ya ce sun ba shi zuwa la'asar ɗin gobe ya faɗi abokan aikinsa, in ya ƙi, za su shiga da shi daji. Kowa ya san ba a dawowa daga wannan rakiya.

*

Mas'udu ya jira taron ya ragu, sannan ya je ya tsuguna kusa da Markus. Saratu tana gefe da kofin ruwa, an hana ta matsowa. Yatsun Markus sun riga sun fara kumbura.

Ya tambaye shi yadda yake aikinsa. Markus ya amsa a guntu-guntu, leɓensa a fashe. Kowace ranar kasuwa kyamarar takan buɗe wa kanta sabuwar folda, wato jakar da take zuba hotunan ranar. Da yamma sai ya fito da su fili, ya sa wa kowanne sunan mai dabbar, ya mayar da memorin aljihun tebur. Mabuɗin ofis yana hannun Alhaji Sabiru, wani yana hannun Mahadi, shi ma yana da nasa. Da yatsa biyu yake buga rubutu, saboda haka sunaye gajeru yake sawa, Sabiru ɗaya, Sabiru biyu, haka.

"Baba, ka ce su sassauta igiyar kaɗan," in ji shi. "Ba na jin hannuna."

Mas'udu ya je ya roƙa. Shugaban 'yan sintirin ya yi dariya, ya ce ai ba kai ka kawo mu nan ba, Baba? Ka gama naka, bar mu mu yi namu.

Abin da ya hana Mas'udu zama shi ne abin da ya sani a ƙasa. Duk inda aka share sawu, tsintsiya takan bar nata. Ya je wa Alhaji Sabiru da wannan, ya ce a ba shi memorin ya kai Gusau a duba masa ko gogewa tana barin alama. Alhaji ya ɓata rai, ya kawo dalilai iri-iri, ya ce kayan ƙungiya ne, ya ce hanya ba ta da kyau. Sai da Malam Bello ya sa baki, ya ce shanunsa ne, yana son a bi ko'ina, sannan aka naɗe abin a takarda aka miƙa. Mas'udu ya lura da wannan nauyin hannu na Alhaji, ya kuma lura cewa Mahadi ya yi tayin raka shi har sau biyu.

Ya ce shi kaɗai zai je.

*

A Gusau aka yi masa kwatancen shagon wata mata, Hanatu, mai gyaran waya da tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. Washegari da safe ya same ta tana buɗe shago. Mace ce mai saurin magana, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Ta sa memorin, ta yi ta danne-danne, shi yana tsaye riƙe da sandarsa, yana kallon ƙafafun masu wucewa.

Ta ce masa yana da gaskiya, abin da aka goge yakan bar gurbi, har akan iya dawo da shi. Amma nan ba a goge komai ba. Ranar da yake magana a kai, kyamarar ba ta ajiye ko hoto ɗaya ba tun farko.

Ya ce yaya za a yi haka, alhali an ce ko rabi bai cika ba.

Ta gwada buɗe sabuwar folda a gabansa, kwamfutar ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Sai ta yi tsaki irin na wanda ya gane tsohon ciwo. Ta ce irin waɗannan ƙananan tsofaffin memori suna da iyaka biyu, mutane ɗaya kawai suka sani. Akwai iyakar girma, akwai kuma iyakar yawan abin da za a jera a fili, ba cikin folda ba. Gurbi ɗari biyar da goma sha biyu ne, ba ƙari. In suka ƙare, ko da memorin fanko ne, ba zai karɓi fayil ko folda ba.

"Kamar zaure ne, Baba. Cikin gida da faɗi, amma tabarmar zaure ta cika, ba mai shiga."

Ya ce hotunan ba su kai haka yawa ba. Ta ce nan ne gizon yake. Gajeren suna gurbi ɗaya yake ci, dogon suna kuwa yakan ci uku, biyar, har ashirin. Tana ganin haka kullum wajen masu kawo waƙoƙi masu dogayen sunaye, su dawo suna zaginta wai ta sayar musu da jabun memori. Wani ya zauna ya bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya yana ja wa sunayensu tsawo, har kwamfuta ta ce ba ta ɗaukar ƙari. Da kyamara ta zo buɗe foldar ranar kasuwa, ba ta samu gurbi ba. Wuta za ta walƙa, amma ba abin da zai zauna.

Mas'udu ba ya karatun boko, saboda haka ya ce ta karanta masa. Ta fara, tana dariya. Alhaji Sabiru shugaban dillalai uban marayu mai farar saniya Allah ya ja zamaninka Allah ya ƙara nasara. Alhaji Sabiru garkuwar talakawa mai baƙin sa. Haka kowane dillali ya samu rawani da kirari, har waɗanda ko akuya sai sun yi karo-karo suke saye. Zuciyar Mas'udu ta koma kan Alhaji da nauyin hannunsa na jiya.

Sai ta karanta wani, ta wuce. Ya ce ta koma. Ta sake karantawa. Ya ce ta duba masa ko akwai irinsa, ta samu da yawa. Ya ambaci wani suna ya ce ta nemo shi a cikin memorin gaba ɗaya. Ta nema ta ce babu ko ɗaya.

Ta dubi fuskarsa ta tambaye shi ko lafiya. Ba lafiya ba. Ya tuna shanun da suka bi mutum a natse, ya tuna tuwon da ya ci a gidan Malam Bello, ya kuma tuna igiyar da aka jiƙa. Tun da ya fara bin sawu bai taɓa jin ƙyamar abin da ya gano ba sai ranar.

*

Motar Tsafe ta ƙi cika da wuri, a hanya kuma aka tsayar da su a shinge bayan shinge. Sai bayan azahar ya isa. Ya wuce ta gaban turken awo bai tsaya ba, amma ya gani. Hannuwan Markus sun yi baƙi, sun kumbura har igiyar ta nutse cikin nama, ƙuda yana bi. Ya daina roƙo. Saratu tana inda ya bar ta jiya.

Ya fara tsare Alhaji Sabiru shi kaɗai a ofis, ya tambaye shi wa ya yi masa kirari a cikin memori. Alhaji ya sha kunu, sannan ya amsa cewa shi ya yi ƙorafi kwanakin baya. Ya ga an rubuta Sabiru tsirara, kamar wani yaron mota, a gaban baƙi daga Funtuwa. Ya ce a gyara, a ba kowa girmansa. Markus ya ce ba zai iya ba, aikin ya yi yawa. Daga baya shi Alhajin ya ga an fara gyarawa, ya ji daɗi, bai tambayi wa ya yi ba. Abin da ya sa ya ƙi ba da memorin jiya kuwa, kunya ce, kada mutanen Gusau su ga kirarin su yi masa dariya. Mas'udu ya dube shi ya ga babu komai a cikinsa sai son girma, kuma son girma ba sata ba ne.

Ya ce a tara masa masu mabuɗi a gindin turken awo, da Malam Bello, da shugaban 'yan sintiri. Labari ya bazu, kara ta cika. Aka fito da kwamfuta aka ɗora a benci.

Mas'udu ya yi bayanin zaure da tabarma yadda ya ji shi. Wasu suka gane, wasu suka yi gunaguni. Ya sa Alhaji ya gwada buɗe folda a gaban kowa, ta ƙi. Ya sa ya mayar da suna ɗaya gajere ya sake gwadawa, ta buɗu nan take. Gunagunin ya mutu. Shugaban 'yan sintirin ya ce to ai shi mai hoton ne ya ja sunayen, wa ya fi shi sanin kayan aikinsa.

Mas'udu ya ɗaga sandarsa. Ya nuna dogon dillalin nan da ke can bakin ƙofa, ya ce wa Alhaji ya kira masa shi.

"Bello!" in ji Alhaji. "Bello Dogo, taho."

Mas'udu ya sunkuya ya tambayi Markus sunan mutumin. Da ƙyar muryar ta fito, amma na kusa sun ji ya ce Bello. Sannan Mas'udu ya ce wa Alhaji ya nemo hoton Dogo a kwamfuta ya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, da ƙarfi.

Alhaji ya gyara tabarau. "Mai sunan Baba Dogo, dillalin dillalai, mai jar karsana…" Ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Mas'udu. "Akwai na Mada, akwai na Wonaka."

Alhaji ya karanta. Mai sunan Baba na Mada. Mai sunan Baba mahauci. Karar nan cike take da masu suna Bello, amma a memorin babu Bello ko ɗaya. Wanda ya zauna ya cika zauren nan ya yi wa kowa kirari, amma duk inda ya iske wannan suna sai hannunsa ya ƙi. Kowa a wurin ya san mutum ɗaya tak da yake kiran Dogo da haka, domin kullum suna jin sa, har yaba masa ladabi ake yi. Ba wanda ya juya ya dube shi, kuma wannan rashin juyawar ya fi nuni da yatsa. Mahadi yana tsugune kusa da ƙafar ubansa, inda ɗan kirki yake zama, zufa tana ɗiga daga haɓarsa.

Haushi ya kama Mas'udu. Yaro ya iya shiga gidan ubansa da asuba ya kwance shanun da suka san warin hannunsa, ya iya miƙa su ga baƙon da zai shigo da su kara, ya iya nuna bawan Allah ya ce infoma, ya kwana yana jin nishinsa. Duk wannan bai yi masa nauyi ba. Harafi biyar na sunan ubansa ne suka fi ƙarfinsa.

Shugaban 'yan sintirin ya ɗauko wata igiyar daga kafaɗar yaronsa, ya tsoma ta a bokiti. Ya ce su ba sa aiki da habaici. Mai kaya yana nan, mai bin sawu yana nan, ɗayansu ya faɗi suna a ji.

Mas'udu ya dubi Malam Bello. Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwan Markus, ba fuskarsa ba, hannuwan. Sannan ya miƙe da taimakon sanda.

"Ba a yi mini sata ba," in ji shi. "Ni na ba da shanuna a saisuwa, tsufa ya sa na mance. Ku gafarce ni, na wahal da ku."

Ba wanda ya yarda, kuma ba wanda ya musa. Mas'udu ya matsa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, ya ce Malam, ka ji tsoron Allah, ka dubi abin da anka yi wa wanga mutum, ka faɗi wanda ya kwance maka shanu.

"Mas'udu, tun da anka haife shi ban taɓa faɗin sunanshi ba. Ba yau za ni fara ba."

Saura Mas'udu. Igiya tana cikin bokiti, la'asar ta kawo kai. In ya faɗa, za a ɗaure yaron a gaban ubansa, a shiga da shi daji, kuma ba lalle a saki Markus ba, domin masu igiya ba sa son a ce sun yi kuskure, za su ce tare suka ƙulla. In ya yi shiru, babu sata, babu infoma. Ya auna, ya ga duk ta inda ya bi ƙazanta ce. Ya ce wa shugaban 'yan sintirin tunda mai kaya ya ce ba a yi sata ba, shi ba shi da sawun da zai bi, a kwance mutumin.

Igiyar ba ta kwantu ba, sai da aka sa wuƙa. Markus bai ji yankan ba ko da ta taɓa fatarsa. Shugaban 'yan sintirin ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce, gaba in kyamara ta samu matsala ya riƙa faɗa da wuri. Alhaji Sabiru ya ce a rufe maganar nan saboda darajar Malam Bello, dattijo ne, kada a ji wani ya kama sunan kowa. Jama'a suka amsa da to. Ba wanda ya hau lasifika. Aka kira salla, suka tafi alwala, Mahadi ya riƙe wa ubansa buta.

Saratu da Mas'udu ne suka ɗora Markus a kan babur.

*

Damina ta yi nisa kafin Mas'udu ya iya zuwa asibiti a Gusau. Ba hanya ce ta hana shi ba, kunya ce. A tsakanin nan ya wuce ta bayan Bungudu, ya hango Malam Bello a gonarsa shi kaɗai da fartanya, rabin gonar ciyawa ta cinye, bai tsaya sun gaisa ba. Ya kuma ji labarin kara. An sayi sabon memori, an ce tunda Malamin Kara ya fi kowa sanin kan na'ura, shi zai riƙa ɗaukar hoton.

Ɗakin majinyata maza ne, gadaje a jere. Markus yana jingine da matashi, ya rame. Hannun dama an yanke shi daga wuyan hannu. Na hagu an bar masa babban yatsa da ɗan ƙaramin, an naɗe sauran. Saratu tana ba shi koko a cokali. Da ya ga Mas'udu sai ya yi ƙoƙarin gyara zama don girmamawa, ya ce Baba sannu da zuwa, ya gode masa da ya cece shi daga daji. Wannan godiya ta fi wa Mas'udu zafi a kan zagi.

Saratu ba ta gaishe shi ba. Ta ajiye cokalin a cikin kofi. Ta ce ranar tana can baya an tare ta, ba ta ji abin da aka karanta ba. Ta tambayi matan garin, kowace ta ce ba ta sani ba. Ta tambayi Alhaji, ya ce an rufe magana. Markus kuma ya ce ta bar wa Allah.

"Sunan mijina an kira shi a lasifika, har yara sun haddace. Wanda ya yi abin fa, ba shi da suna?"

Mas'udu ya dubi ƙasa, inda ya saba samun amsa. Siminti ne, an goge shi tas.

"Mahadi," in ji shi.

"Ban ji ba."

"Mahadi ɗan Bello."

"Da ƙarfi, Baba. Yadda aka kira nasa."

Ya ɗaga kansa, ya buɗe murya ya faɗa, har ta kai ƙarshen ɗakin. Majinyata suka waiwayo. Wani mai karyayyar ƙafa ya duba bakin ƙofa ko wani ake kira ya shigo. Babu wanda ya san ko wane ne Mahadi a cikinsu, babu kuma wanda ya tambaya. Wata nas ta leƙo ta ce Baba a rage murya, akwai masu barci.

Saratu ta ɗauki cokalin, ta hura kokon duk da ya riga ya huce, ta kai bakin mijinta.